Sunan Garinku a Intanet: Wa Zai Iya Gano Shi?

  

Yau maganar sunaye za mu yi. Sunan garinku, sunan ƙauyenku, sunan unguwarku. Za mu duba yadda ake ajiye waɗannan sunaye a intanet, da abin da ke sa wani ya nema ya samu, wani kuma ya nema ya rasa.

Bari mu fara da abin da ake kira kundin sunayen wurare. Turawa na ce masa gazetiya. Jerin sunaye ne, kowane suna da bayaninsa. Gari ne, kogi ne, dutse ne, ko kasuwa? A wace jiha yake, a wace ƙaramar hukuma? Sannan akwai lambobi biyu da ke nuna daidai inda wurin yake a taswirar duniya. A da, littafi ne mai kauri da ake ajiyewa a ofishin safiyo. Yanzu ya koma intanet. Duk lokacin da ka buga sunan gari a taswirar wayarka, ko ka zaɓi ƙaramar hukumarka wajen cike fom, akwai irin wannan kundi a baya yana aiki, ko da ba ka ganinsa.

Akwai manya daga cikinsu. Akwai GeoNames, wanda wani mutumin Siwizalan mai suna Marc Wick ya kafa a 2005, yana ɗauke da sunayen wurare sama da miliyan 11, kuma kyauta ne. Akwai OpenStreetMap, taswirar da aka fara a Ingila a 2004, wadda 'yan sa-kai ke ginawa, kowa na iya sa hannu. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tana da kwamitin masana kan sunayen wurare, kuma tun 1967 ta yi babban taronta na farko kan wannan batu a birnin Janiba. Wato dai ba ƙaramar magana ba ce.

To amma tambayar da nake so mu riƙe yau ɗaya ce. Idan mutum ya zo da sunan da bakinsa ya saba da shi, kundin zai gane shi? Ra'ayina shi ne: kundi ne ya kamata ya koyi harshen mutane. Kada a tilasta wa mutane koyon rubutun kundi. Ku riƙe wannan, za mu yi ta dawowa kansa.

Kashi na farko: wuri ɗaya, suna da yawa.

Mu ɗauka wani ɗan kasuwa ne a Kano, zai aika kaya Damagaram. Ya ba yaronsa waya, ya ce duba mana nisan hanya. Yaro ya buga Damagaram. Idan kundin da ke bayan taswirar sunan hukuma kaɗai ya sani, wato Zinder, sai ya ce babu. Garin yana nan, Sarki yana fadarsa, kasuwa tana ci, amma na'ura ta ce babu. Laifin wa ke nan? Yaron bai yi kuskure ba. Sunan da miliyoyin Hausawa ke kiran garin da shi ya buga.

Haka abin yake ko'ina a yankinmu. Mu muna cewa Sakkwato, takarda tana cewa Sokoto. Muna cewa Yamai, takarda tana cewa Niamey. Tsofaffinmu na cewa Ikko da Badun. Mutanen Borno na cewa Yerwa, taswira tana cewa Maiduguri. Duk waɗannan sunaye rayayyu ne, ana faɗarsu kullum a tasha da kasuwa.

Yaya kundi mai kyau yake magance wannan? Ku dubi yadda muke da mutane. Mutum yana da sunan yanka, a gida ana ce masa Ɗanjuma, abokai kuma suna da laƙabin da suka sa masa. Amma lambar katinsa na ɗan ƙasa ɗaya ce. To haka ake yi wa gari. A ba shi lamba ɗaya da ba ta canzawa, sannan a rataya mata dukkan sunayensa, kowane suna a rubuta harshensa. Wannan na Hausa ne, wannan na Faransanci, wannan na Kanuri, wannan na Fulfulde. Ta kowace ƙofa ka shigo, wuri ɗaya za ka tarar. A OpenStreetMap akwai gurbi na musamman don sunan Hausa, kamar yadda akwai na Larabci da na Faransanci. Gurbin yana nan a buɗe. Abin da ya rage shi ne mai cike shi.

Lamba ɗaya, suna da yawa. Wannan shi ne tushe.

Yanzu sai kashi na biyu, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin nan ne yawancin mutane ke karaya. Ina nufin ɗan akwatin nan da ake buga suna a ciki, akwatin nema.

Masu sauraro, Hausar boko tana da haruffa masu ƙugiya: ɓa, ɗa, da ƙa. Akwai kuma 'ya, wadda a Najeriya ake rubutawa da ɗan waƙafi a sama, a Nijar kuma ake yi mata tata ƙugiyar. Garuruwanmu cike suke da waɗannan haruffa. Ƙanƙara, Ɗanja, Maraɗi, Haɗeja, Ƙauran Namoda, 'Yandoto. Amma wayoyi da yawa ba sa zuwa da su a madannai. Don haka mutum zai buga Kankara da ka zalla. Ga na'ura, ka da ƙa haruffa ne biyu daban, kamar yadda ba da za suke daban. Idan ba a koya mata ba, mai buga ka ba zai sami abin da aka ajiye da ƙa ba. Mai buga ƙa kuma ba zai sami abin da aka ajiye da ka ba.

Wasu masu gina kundi sukan bi hanya mai sauƙi, su share ƙugiyar gaba ɗaya. Ni ban yarda da wannan ba. Share ƙugiya ɓata suna ne, kuma yaran da ke tasowa abin da suka gani a waya shi za su ɗauka daidai. Hanyar da ta dace ita ce a sassauta wajen nema, a tsaurara wajen nunawa. Ka buga yadda ka iya, da ƙugiya ko babu, na'ura ta karɓa. Amma idan za ta nuna maka amsa, ta nuna sunan da cikakken rubutunsa. Ka ga an taimake ka, kuma an koya maka ba tare da an kunyata ka ba.

A sassauta wajen nema, a tsaurara wajen nunawa.

Ba ƙugiya ce kaɗai matsala ba. Akwai gadon rubutun Turawan mulkin mallaka, kuma iri biyu muka gada. Bature ɗan Ingila ya ji suna ya rubuta da kunnensa. Bature ɗan Faransa ma ya ji ya rubuta da nasa. Ku saurari wannan. Garin Tawa a Nijar, a takardar hukuma haruffa shida ne: T, A, H, O, U, A. Tasawa ta zama T, E, S, S, A, O, U, A. Dogon Dutsi an haɗe shi kalma guda, an rufe da T, C, H, I. Birnin Ƙonni, da ke tsallaken Illela, an raba shi wani iri, an bar harafin na shi kaɗai a tsakiya. A ɓangaren Najeriya kuwa, sautin ca an rubuta shi da C da H, shi ya sa Bauci take da H a takarda. Bahaushen Katsina da Bahaushen Maraɗi harshe ɗaya suke yi, amma idan aka ba su biro su rubuta sunan ƙauye ɗaya, za ka iya ganin rubutu biyu.

Abin daɗin shi ne, wannan bambanci yana da ƙa'ida. O da U na Faransanci yawanci u ne ko wa a Hausa. T, C, H ca ne. D da J ja ne. Abin da yake da ƙa'ida kuwa ana iya koya wa na'ura shi. Mai gina kundi don yankinmu, idan bai zauna ya koya mata wannan ba, bai gama aikinsa ba.

Sai kuma namu na gida, wanda mu da kanmu muka ƙirƙira. Ku tuna yadda ake rubuta adireshi a takardar asibiti ko a jikin motar haya. Tudun Wada ta zama T, a ja sanda, Wada. Sabon Gari ya zama S, sanda, Gari. Birnin Kudu ya zama B, sanda, Kudu. Kalmar unguwa kaɗai, wani zai rubuta Unguwar, wani Ungwan, wani Angwan, wani Anguwan, wani kuma U da sanda kawai. Ɗambatta ana rubuta ta da ma, ana rubuta ta da na. Dutsinma wani ya haɗe, wani ya raba, wani ya sa karan ɗori a tsakiya.

Ku kawo hoton wata malamar asibiti a ranku. Tana zaune da rijista a gabanta, an ce ta shigar da sunayen ƙauyukan marasa lafiya cikin kwamfuta. Layi na farko an rubuta Angwan Rimi. Layi na tara an rubuta U sanda Rimi. Idan kundin bai san abu ɗaya ba ne, zai ƙirga ƙauye biyu. Idan cutar ƙyanda ce ta ɓulla a wannan ƙauye, an raba adadin masu ita gida biyu, kowanne ya yi ƙanƙanta, ba wanda zai lura da wuri. Kun ga inda ƙaramin rubutu ya kai mu.

Akwatin nema mai kyau yana da wata ɗabi'a kuma. Idan bai sami daidai abin da ka buga ba, ba ya rufe maka ƙofa da kalmar babu. Yana tambaya: ko wannan kake nufi? Ya jero maka uku ko huɗu masu kama da shi. Kuma tun kana buga haruffan farko yake fara kawo maka shawara, don ya rage maka wahalar rubutu. Ga wanda karatunsa bai yi zurfi ba, wannan ɗan taimako shi ne ke raba samu da rashi. Kada kuma mu manta da ɗimbin mutanenmu da ajami ne rubutunsu. Na'ura ta iya haruffan Larabci. Ba abin da zai hana a rataya wa gari sunansa na ajami a gefen na boko.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan kundin sunayen wurare a intanet, da yadda za a gina shi ya amfani mutane masu harsuna daban-daban.

Kashi na uku gajere ne, kuma juyin na farko ne: suna ɗaya, wurare da yawa. Tudun Wada nawa kuka sani? Akwai ƙaramar hukuma a Jihar Kano. Akwai unguwa a Zariya, akwai a Kaduna, akwai a Jos, akwai a Gusau. Sabon Gari fa? Nasarawa fa, da take jiha, take gari, take kuma ƙaramar hukuma a cikin birnin Kano? Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kuma da wuya ka shiga ɗaya a Arewa ba ka tarar da wani Sabon Gida ko Gidan wane ba. Kundin da zai jero maka Tudun Wada goma a jere, ba bayani, ya ƙara maka ruɗani ne. Dole kowane suna ya zo da jiharsa, da ƙaramar hukumarsa, da ɗan hoton taswira a gefe, da babban garin da ke kusa. Ai ko a tasha, idan ka ce za ka Tudun Wada, ɗan kamasho zai tambaye ka: wacce? Na'ura ma ta tambaya.

Akwai kuma lokaci, domin sunaye suna sauyawa. Ga misalin da ya kamata kowane ɗalibin tarihi ya sani. Kafin 1976, idan aka ce Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja ake nufi. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni a wannan shekara, sai sabon birnin ya ɗauki sunan, tsohon garin ya koma Suleja. Gwamnati ba ta tare a sabon birnin ba sai Disamba 1991. To ɗalibin da ya ga takardar 1950 tana maganar Sarkin Abuja, ya je kundi, kundi ya nuna masa babban birnin tarayya, an ɓatar da shi. Haka Njamena ta Chadi, Fort-Lamy ce har 1973. A Yamai ma, a 2024, titin da ke ɗauke da sunan Charles de Gaulle ya koma sunan Djibo Bakary. Kundi mai kyau ba ya goge tsohon suna. Yana ajiye shi, ya rubuta daga yaushe zuwa yaushe aka yi amfani da shi.

Yanzu bari mu leƙa wasu ƙasashe, mu ga abin da suka yi.

Ƙasar Ailan tana da harsuna biyu, Ingilishi da harshensu na gado. A 2008 suka buɗe kundinsu a intanet mai suna Logainm. Ka buga suna da kowane harshe, zai kawo maka ɗayan. Shafin kansa kana iya juya shi zuwa harshen da ka fi so. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne, wurare da yawa an sa musu murya. Ka danna, ka ji mutum yana faɗar sunan. Mu ne za mu fi kowa amfana da wannan, domin bokonmu ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna wasali mai ja. Baƙo zai iya karanta haruffan daidai, ya faɗi sunan yadda ko 'yan garin ba za su gane ba. Ga wanda bai iya karatu ba kuma, murya ita ce ƙofarsa kaɗai.

A Niyu Zilan kuwa, hukumar sunayen wurare ta amince wasu wurare su riƙe suna biyu a hukumance, na Turanci da na 'yan asalin ƙasar, Mawori. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar, tun 1998 sunansa Aoraki da Mount Cook a haɗe. Ba a ce sai ɗaya ya mutu kafin ɗaya ya rayu ba.

Wannan ya kawo ni wata magana da nake so mu Hausawa mu saurara da zuciya ɗaya. Mun yi ta cewa Turawa sun sauya mana sunaye. Gaskiya ne. Amma Hausa ma babban harshe ne, kuma sunayen da muka saba da su sun rufe na wasu. Garin da muke kira Kagoro a kudancin Kaduna, mutanensa Gworok suke cewa. Kafancan, 'yan asalin wurin Fantswam suke cewa. Yadda muke jin zafi idan na'ura ta ce ba ta san Damagaram ba, haka su ma suke ji. Don haka kundin da muke nema ba na Hausa kaɗai ba ne. Na kowa ne. Masana suna bambanta sunan da 'yan gari ke kiran garinsu da sunan da baƙi ke kiransa. Duka biyun a rubuta, kuma a nuna wanne ne wanne. Kundi ba kotu ba ne. Aikinsa ya faɗi gaskiya: wannan shi ne sunan hukuma, wannan shi ne na 'yan gari, ga kuma inda muka samo kowanne.

Wani zai ce, duk wannan ai maganar 'yan boko ce. To ku tuna aikin rigakafin shan inna. Shekaru da yawa masu allura suna yawo da taswirar da aka zana da hannu. Ƙananan ƙauyuka da rugage da tungaye suna faɗuwa tsakanin wannan taswira da waccan, kowace tawaga tana zaton na ɗayar ne. Daga wajen 2012 aka fara amfani da hotunan tauraron ɗan Adam a jihohin Arewa. Hoto yana nuna rufin gidaje, amma ba ya faɗar suna. Sai da mutane suka taka ƙafa, suka tambayi dagatai da masu unguwanni da arɗo-arɗo, aka haɗa kowane wuri da sunansa. Wannan aiki na cikin abubuwan da suka taimaka, har a watan Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga yankin Afirka. Ƙauyen da ba ya cikin kundi, allura takan tsallake shi. Agajin ambaliya ma haka, rijiyar burtsatse ma haka.

Kafin lokaci ya ƙure mana, kalma biyu ga matasanmu masu gina shafukan intanet. Mai amfani da aikinku ba a ofis yake ba. Yana riƙe da ƙaramar waya, datarsa kaɗan ce, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, ga hasken rana yana dukan fuskar wayar. Ku sa akwatin nema a sama, babba, shi ne abin farko da ido zai gani. Kada ku sa taswira mai nauyi ta cinye data kafin suna ya fito. Maɓallin sauya harshe ku rubuta shi da harshen kansa, domin wanda bai iya Turanci ba, ba zai nemo Hausa a ƙarƙashin kalmar Turanci ba. Ku sa wurin da mutum zai ce wannan suna ba daidai ba ne, kuma a sami wanda zai karanta ya amsa. Sannan kafin ku ce kun gama, ku fita da aikin. Ku miƙa wa direba a tasha, ku miƙa wa ungozoma, ku ce nemo mini ƙauyenku. Ku yi shiru, ku kalli yatsansa. Inda ya tsaya yana dube-dube, nan ne gyaranku yake.

Ku kuma masu sauraro na gida, ga roƙona. Yau ɗin nan, ku ɗauki waya, ko ku sa ɗanku ya ɗauka, ku buga sunan ƙauyenku yadda kuke faɗarsa. Ku ga ko zai fito, ku ga ko an rubuta shi daidai. Idan babu shi, ko an karkata shi, ku je wurin dagaci ko wani dattijo, ku tambayi ainihin sunan da asalinsa, ku ɗauki muryarsa a waya idan ya yarda. Sai ku nemi malamin makaranta ko wani matashi da ya iya, ya shigar da shi a OpenStreetMap, da ƙugiyarsa da komai. Ba a biyan ko kwabo.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Sai Allah ya sake haɗa mu. A huta lafiya.